Tambayoyinku: Hadayar Habila da dawar manomi

Salama a gare ku masu karatu, barkanmu da kaka, ina gajiyar girbi. Tun da aka fara yankan dawa saƙonni ke ta shigowa kan labari guda, wato labarin Kayinu da Habila, ban yi mamaki ba don lokacin godiyar kaka ne kuma kusan duk majami'ar da ka shiga a ƙasar Zuru ko Yauri ko Gusau sai ka ji an taɓo Farawa sura 4. Na tsamo guda biyar, na rage ma wasu tsawo, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani manomi a Dabai, kusa da Zuru:

Baba Fasto ina gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ni manomi ne tun ina yaro, dawa da masara da wake nake yi bani da tunkiya ko ɗaya sai kaji. Ran Lahadi da ta wuce wani baƙon mai wa'azi yace Allah ya ƙi hadayar Kayinu ne sabida amfanin gona ya kawo babu jini a ciki, shi kuma Habila dabba ya yanka shi yasa aka karɓa, to ni abun ya tsaya min a rai har na kasa barci, ga shi sati biyu masu zuwa zamu yi godiyar kaka kuma na ware buhun dawa zan kai. Kuma Baba bara shanu suka shiga gonata da dare suka cinye min kusan rabi babu wanda ya biya ni ko sisi, sai gashi a Littafi ma makiyayi aka karɓa manomi aka ƙi. Dan Allah ka faɗa min gaskiya, Allah ya fi son makiyayi ne akan manomi? In haka ne mu ina zamu sa kanmu?

Amsa:

Ɗana lafiya lau, sannu da asarar bara, Allah ya mayar maka da alheri. Ka ɗauki buhunka ka kai, babu inda Littafi Mai Tsarki yace Allah na ƙin amfanin gona, kuma ba don in kwantar maka da hankali nake faɗa ba, ka buɗe da kanka mu bi a hankali.

Aikin farko da Allah ya ba ɗan adam noma ne, Farawa 2:15 ya sa Adamu a gonar Aidan ya nome ta ya kiyaye ta, wannan tun kafin zunubi ya shigo ne fa. Ishaku ya yi shuka a shekara guda ya girbe riɓi ɗari, Farawa 26:12, kuma aka ce Ubangiji ne ya sa masa albarka. Elisha yana bayan garma yana huɗa da shanu Iliya ya same shi. Yesu da kansa a Yahaya 10 ya kira kansa makiyayi mai kyau, sai kuma a Yahaya 15 aya ta farko yace shi ne itacen inabi na gaske Ubansa kuma shi ne manomin, to ka ga gida ɗaya ne ya haɗa sana'o'in nan biyu, wa zai raba su?

Yanzu maganar jini. Wanda ya yi muku wa'azin ba shi ya ƙirƙiro ta ba, tsohuwar fassara ce kuma akwai malamai masu tsoron Allah da suka riƙe ta, hujjarsu Ibraniyawa 9:22 inda aka ce in ba a zub da jini ba babu gafara, da kuma Farawa 3:21 inda Allah ya yi wa Adamu da Hawwa'u tufafin fata, suka ce ai tun daga nan aka nuna sai da yanka. Ina girmama su amma ni ban bi su a nan ba, ga dalilina. A Ibrananci, harshen da aka rubuta Farawa da shi, kalmar da aka kira abin da Kayinu ya kawo da ita da wadda aka kira abin da Habila ya kawo duk ɗaya ce, minha, ma'ana kyauta ko gaisuwar da ƙarami ke kai wa babba, kamar yadda talaka ke kai wa hakimi gaisuwa. Kuma wannan kalmar dai ita ce sunan hadaya ta gari a Littafin Firistoci sura 2, sura guda cur kan yadda za a kawo lallausan gari da mai da lubban a gaban Ubangiji. Har a hadaya don zunubi ma, Firistoci 5:11 tace wanda bashi da halin kurciyoyi biyu ya kawo gari a karɓa. Maimaitawar Shari'a 26 kuma ta umarci manomi ya zuba nunan fari na gonarsa a kwando ya kai gaban bagade yana ba da labarin yadda Allah ya fito da kakanninsa daga Masar. Allahn da ya ba da waɗannan umarnai ba zai zama mai ƙyamar hatsi ba.

To me ya bambanta su kenan? Ka duba yadda aka rubuta, a nan nake so ka daɗe. Game da Kayinu an ce kawai ya kawo daga cikin amfanin ƙasa, shi kenan, ba a ce nunan fari ba, ba a ce zaɓaɓɓe ba. Da aka zo kan Habila sai marubucin ya tsaya ya ƙara bayani har biyu, daga 'ya'yan fari na garkensa, kuma da kitsensu. Kai manomi ne amma nasan ka zauna da masu kiwo ka san mene ne ɗan fari, tunkiya ta yi haihuwar farko baka san ko zata sake ba, baka san ko ciwo zai shigo garke ba, baka san ko rani zai yi tsawo ba, wanda ya ba da ɗan fari ya ba da ne tun kafin ya ƙirga abin da zai saura masa. Wanda kuma ya jira sai rumbu ya cika ya auna na ci ya auna na sayarwa ya auna na biki sannan ya share ƙasan rumbu ya kawo, shi ma ya ba da, amma bai dogara ga kowa ba sai lissafinsa. Shi yasa Ibraniyawa 11:4 bata ce ta wurin jini ba, bata ce ta wurin kiwo ba, tace ta wurin bangaskiya ne Habila ya miƙa hadayar da ta fi ta Kayinu, kuma a jerin mutanen bangaskiya na wannan sura shi aka fara ambata da suna, kafin Anuhu da Nuhu da Ibrahim.

Akwai wani abu kuma da mutane ke tsallakewa in suna karatu da sauri. Aya ta 4 da ta 5 na Farawa sura 4 basu ce Allah ya dubi hadayar Habila ba kawai, sun ce ya dubi Habila da hadayarsa, Kayinu kuwa da hadayarsa bai kula ba, mutumin aka fara sa wa suna sannan abin hannunsa ya biyo. Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo a ƙasar da yanzu ake ce wa Aljeriya ya rasu a shekara ta 430, ɗan Afirka ne kamar mu, ya bayyana shi da cewa Kayinu ya ba Allah wani abu daga cikin kayansa amma kansa ya riƙe wa kansa. Ni duk karatun da na yi kan wannan sura ban ga bayanin da ya fi wannan shiga raina ba.

Ina tuna wata tsohuwa a wani ƙauye wajen Ribah lokacin ina sabon mai bishara, gwauruwa ce gonarta bata fi ta bayan gida ba, duk shekara in dawa ta nuna sai ta shiga da wuƙa ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika ta ɗaure daban ta rataye, ranar godiya ta sussuka ta sheƙe ta kawo tsaba wadda bata kai tiya biyu ba amma ko ƙaiƙayi ɗaya baza ka samu ba. A wannan majami'ar dai mun sha buɗe buhu cikakke bayan sujada mu tarar tsohuwar dawa ce ta bara wadda ƙwari suka gama da ita, an zuba sabuwa a sama don ido. Dukansu manoma ne, dukansu hatsi suka kawo, babu makiyayi ko ɗaya a wurin, amma ga Habila ga Kayinu a benci ɗaya. Annabi Malakai a sura ta farko aya ta 8 ya yi faɗa da masu kawo makauniyar dabba da gurguwa yace su kai wa gwamnansu mana su ga ko zai karɓa, ka ga kenan mai dabba ma yana iya yin hadayar Kayinu da jininta da komai. Kakanninku ma da suke yin bikin gargajiya na Uhola bayan girbi sun san cewa amfanin gona abin godiya ne, ba baƙon abu Littafi ya kawo muku ba a wannan fannin, abin da ya ƙara shi ne ya nuna muku wanda ake gode wa da kuma irin zuciyar da yake nema.

Abu ɗaya zan roƙe ka kuma da ƙauna nake faɗa. Saƙonka akwai ciwo a ciki, kuma ciwon na gaskiya ne, wanda aka cinye wa rabin gona ba wanda zai ce masa kada ya ji zafi, ka bi hakkinka wurin mai unguwa da hakimi da duk inda doka ta ba ka. Amma ka lura Allah bai bar Kayinu da fushinsa ba, da ya ga fuskarsa ta ɓaci, ai labarin zuciya a tambayi fuska, sai ya zo ya yi masa magana kamar uba, me ya sa ka husata, in ka yi daidai ba za a karɓe ka ba? Ya kuma gargaɗe shi cewa zunubi na kwance a bakin ƙofa yana fakonsa, sai ya rinjaye shi. Wato ƙin hadayar ba ƙarshen Kayinu bane, ƙofa a buɗe take ya koma ya gyara ya sake kawowa. Abin da ya hallaka shi ya faru ne bayan sujada, a gona, lokacin da ya bar fushin ya kwana ya tashi da shi. Ka kai dawarka, ka zaɓi mai kyau, in ma asarar bara ta sa buhu ya yi maka yawa ka rage babu laifi, 2 Korantiyawa 8:12 tace ana karɓa ne gwargwadon abin da mutum ke da shi ba abin da bashi da shi ba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Yauri:

Baba barka da aiki. Muna hira da abokina musulmi yace a wajensu wuta ce ta sauko daga sama ta cinye hadayar Habila shi yasa aka gane an karɓa, ni kuma na duba Farawa ban ga wuta ba. Ya akayi suka san an karɓi ta ɗaya an ƙi ta ɗaya?

Amsa:

Ɗana ka duba daidai, babu wuta a Farawa 4, an ce dai Ubangiji ya dubi ɗaya bai dubi ɗaya ba kuma Kayinu ya gane har ransa ya ɓaci. Maganar wuta tsohuwa ce a bakin malaman Yahudawa da na Kirista na da da kuma malaman tafsiri, kuma ba daga banza ta fito ba don akwai wuraren da Allah ya amsa da wuta, a Firistoci 9:24 lokacin da Haruna ya fara aikin firist, da kuma kan Dutsen Karmel a 1 Sarakuna 18 da Iliya ya yi karo da annabawan Ba'al. Sai dai in kana koyarwa a makarantar Lahadi ka ce wa yara wasu malamai na ganin haka, kar ka ce Littafi ya faɗa.

Tunda da abokinka kuke hira yana da kyau ka san abin da ke wurinsu. Labarin yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 27 zuwa 31, an kira su 'ya'yan Adamu biyu, sunayen Habila da Ƙabila a tafsiri suke, a can ne wanda aka karɓi tasa yake cewa Allah daga masu taƙawa kawai yake karɓa, kuma in ɗan'uwansa ya miƙa hannu zai kashe shi shi ba zai miƙa nasa ba, sannan akwai hankakan da ya tona ƙasa ya nuna yadda ake binne gawa, wannan babu shi a Farawa. Ka ga a kan cewa zuciyar mai bayarwa ake dubawa kuna da wurin haɗuwa, inda muka rabu shi ne mu muna ɗaura labarin da gicciyen Almasihu. Ku ci gaba da hirarku cikin mutunci, na ji daɗi da kuna yin ta.

Tambaya daga wata uwa, 'yar zumuntar mata, yanzu tana zaune a Gusau:

Baba ina wuni. Mu daga ƙauye munka gudo shekara biyu ke nan bayan anka kashe maigidana a gona, mutum ne da bai taɓa fashin sujada ba, zakkarsa ko a shekarar yunwa sai ya fitar, shi ka share majami'a ran Asabar ba wanda ya sa shi. Duk sadda anka karanta labarin Habila sai in ji kamar shi a kai, wanda Allah ya karɓa shi ya mutu wanda Allah ya ƙi shi ya rayu har ya gina gari ya haifi 'ya'ya. Baba mi ne amfanin bangaskiyar Habila in bata tsare shi ba? Ina tsoron tambayar ga a majami'a kar a ce na ja da baya.

Amsa:

'Yata ina yi miki gaisuwa, Allah ya ta'azantar da ke da yaran, ya zama uba gare su. Baki ja da baya ba, wanda ya ja da baya baya tambaya, annabi Habakuk da Ayuba da mai Zabura ta 73 duk sun yi wannan tambayar kuma Allah bai goge ta daga Littafinsa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da kika gani a labarin haka yake. Mutum na farko da aka shaida yana da bangaskiya shi ne mutum na farko da ya mutu a Littafi Mai Tsarki, kuma ba ciwo ya kashe shi ba, ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Allahn da ya yi wa Kayinu gargaɗi bai riƙe hannunsa ba. Sunan Habila ma a Ibrananci, hebel, ma'anarsa numfashi ko tururi, abin da ke bayyana ya ɓace nan da nan, kalmar ce littafin Mai Wa'azi, wanda wani juyi ke kira Mai Hadishi, yake ta maimaitawa inda aka fassara da banza. Bai bar ɗa ba, bai gina komai ba, ki karanta surar daga farko har ƙarshe baza ki samu kalma ko ɗaya daga bakinsa ba. Duk mai wa'azin da ya ce miki in kin ba da baiko mai kyau takobi ba zai zo gidanki ba, Habila ya isa ya ƙaryata shi, kuma ina jin zafin yadda irin wannan koyarwa ke ƙara wa gwauraye nauyi, su zauna suna tunanin ko wani abu mijinsu ya rage. Mijinki bai rage komai ba. 1 Yahaya 3:12 ta yi tambayar kai tsaye, don me Kayinu ya kashe shi, ta amsa cewa don ayyukansa mugaye ne na ɗan'uwansa kuwa na adalci ne, laifin na kan wanda ya ɗaga hannu.

Amma ki ji abin da ya biyo baya. A gona aka yi kisan, babu shaida babu alƙali babu hukuma, Kayinu ya ɗauka magana ta mutu har da aka tambaye shi ina ɗan'uwanka ya iya buɗe baki yace bai sani ba, shi mai tsaron ɗan'uwansa ne? Sai Allah yace muryar jinin ɗan'uwanka tana yi mini kuka daga ƙasa. Mutumin da bai yi magana ba yana da rai, jininsa ya yi magana kuma aka ji. Na san gonaki nawa ne a Zamfara da Kebbi suka sha jinin da ba a rubuta a takardar kowa ba, ba a kama kowa ba, wasu ko gawa ba a samu an binne ba, wannan ayar ita nake riƙewa in na tsaya a gaban iyalansu, ƙasar da mijinki ya faɗi a kai ba kurma bace kuma Wanda take kai wa ƙara ba ya mantuwa. Yesu da bakinsa a Matiyu 23:35 ya kira shi Habila mai adalci yace za a nemi hakkin jinin tun daga nasa har zuwa na Zakariya. 'Yan'uwanmu Katolika har yau in firist ya yi addu'ar Yukaris ta farko, wato ta Jibin Ubangiji, yana ambaton sunan Habila tare da Ibrahim da Malkisadik, ki duba fa, garin da Kayinu ya gina ko kufansa babu wanda ya sani.

Ibraniyawa 11:4 ta ƙare da cewa ko da ya mutu har yanzu yana magana ta wurin bangaskiyarsa, sai sura 12 aya ta 24 ta kai mu ga jinin Yesu wanda ke faɗin abin da ya fi na Habila. Na Habila na neman shari'a kuma daidai ne ya nema, na Yesu shi ma marar laifi ne aka kashe amma yana kan gicciye yana roƙa wa masu kashe shi gafara, kuma shi kabari bai riƙe shi ba, a nan ne amsar tambayarki take in akwai ta, bangaskiyar bata hana mutuwa zuwa ba amma ta sa shi a hannun Wanda ke ta da matattu. Ba na ce miki ki daina kuka ba, kuma ba na ce gafara abu ne na kwana ɗaya ba. Ki samu mace ɗaya a zumuntarku wadda kika yarda da ita ki faɗa mata abin da kika faɗa min, nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, yaran kuma ki riƙa ba su labarin sharar ran Asabar ɗin nan.

Tambaya daga wani matashi a Tsafe:

Baba wai gaskiya ne alamar da Allah ya sa wa Kayinu tana kan wata ƙabila har yau? Naga ana ta yaɗawa a WhatsApp.

Amsa:

Ƙarya ce ɗana, kar ka tura wa kowa. Farawa 4:15 tace alamar don kariya aka sa ta, don kada wanda ya gamu da shi ya kashe shi, kuma shi kaɗai aka sa wa ba a ce ana gadonta ba. Zuriyar da Littafi ya bi har zuwa Nuhu ta Shitu ce, ɗan da Hawwa'u tace Allah ya ba ta a madadin Habila, kuma Ayyukan Manzanni 17:26 tace daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. A Amurka zamanin bauta an taɓa cewa baƙar fata ce alamar don a halatta sayar da irinmu, yanzu kuma mu za mu ɗauki wannan sandar mu doki maƙwabci? Masu son raba labarin su ce manoma 'ya'yan wane makiyaya 'ya'yan wane su karanta Farawa 4:20, Yabal kakan masu zama a alfarwa suna kiwo daga zuriyar Kayinu manomi ya fito. Abin da aka gada a gidan Kayinu ramuwa ce, Lamek wanda ya fito daga zuriyarsa ya yi wa kansa kirari a gaban matansa cewa in na Kayinu sau bakwai ne nasa sau saba'in da bakwai, Yesu kuma a Matiyu 18:22 ya ɗauki irin wannan lissafin ya mayar da shi kan gafara.

Tambaya daga wani dattijon ikilisiya a Mahuta, ƙasar Fakai:

Ranka ya daɗe, ni da ƙanena shekara uku bama magana kan gonar gado da mahaifinmu ya bari, majami'a ɗaya muke shi yana gefe ina gefe, matanmu ma sun daina gaisawa. Ni nake karɓar baiko ranar godiya kuma nawa yakan fi na kowa. Da na karanta Farawa 4 bana sai jikina ya yi sanyi. Baikona karɓaɓɓe ne?

Amsa:

Ɗan'uwana, sanyin da jikinka ya yi alheri ne, kar ka bari ya wuce. Ni ba ni ke karɓa ba ballantana in yanke maka, amma Mai karɓa ya riga ya yi magana a Matiyu 5:23 da 24, in kana miƙa baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka bar baikon nan gaban bagade ka je ku shirya tukuna sannan ka dawo ka miƙa. Bai ce sai in kai ne mai laifi ba, kuma a 'yan ayoyi kafin nan ya ɗaura fushi da kisan kai a igiya ɗaya. Baka ɗaga wa ƙanenka fartanya ba, na sani, amma shekara uku kana wuce shi a ƙofar majami'a kamar baka san shi ba, in aka tambaye ka ina ɗan'uwanka amsar da ke bakinka bata yi nisa da ta Kayinu ba. Yaranku kuma suna kallo, su za su gaji iyakar gonar da gabar gaba ɗaya.

Kai ne babba kuma kai ne dattijo, zumunta a ƙafa take, kai za ka fara takawa. Ba na ce ka bar masa gonar ba, rabon gado a zauna da kawunnanku da mai unguwa a auna a kafa iyaka kowa ya san nasa, amma gaisuwa bata jiran awo. Ka faɗa wa fastonku bana wani dattijon ya tsaya wurin karɓar baiko, buhunanka su zauna a rumbu dawa bata lalacewa a sati biyu, ka samu kawunku ko gwaggonku wadda ƙanen naka ke jin nauyinta ku je gidansa da yamma bayan ya dawo daga gona, matarka ma ta bi ku. In ya ƙi fitowa ka gaishe da iyalinsa ka koma wani satin, ka rubuto min yadda kuka yi.